Ranar da Ja'afaru Ya Yi wa Surukinsa Tafinta

Ja'afaru Tijjani Soba, an haife shi ranar Asabar, tara ga Fabrairu, 1924, daidai da uku ga Rajab na shekarar Hijira ta 1342. Kaɗan ne daga cikin sa'o'insa suka san ranar haihuwarsu. Shi ya san tasa ne domin mahaifinsa malami ne mai tsantseni, wanda ba ya barin abu ya wuce bai rubuta shi a gefen littafi ba. Wannan hali na rubuta abu a ajiye shi ne babban gadon da ɗan ya samu.

Ya yi elementare, ya yi Midil a Zariya, ya koyi buga tafireta, sannan a shekarar 1946 aka ɗauke shi ƙaramin akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna. Ya iso da akwatin kwano ɗaya, bai san kowa ba. Wanda ya karɓe shi shi ne masinjan ofishin, Garba Kofur, tsohon soja wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan malam, da wannan wuyan naka kamar na zalɓe, Kaduna za ta haɗiye ka kafin wata ya mutu. Ɗauko akwatinka ka biyo ni."

Shekara uku Ja'afaru ya yi a ɗakin zauren Garba Kofur a Unguwar Shanu. Kwano ɗaya suke ci. Garba mutum ne mai barkwanci, kuma ba abin da yake jin daɗin tsokana kamar Turancin baƙonsa. Yakan ce, "Naka na takarda ne, nawa na fareti. Hagu, dama, tsaya, sai kuma wanda ba a faɗa a gaban mai alwala." Ja'afaru ya yi dariya, ya ɗauki maganar wasa.

A shekarar 1949 ya auri Saratu, 'yar farin mai gidan, bayan an daɗe da lura cewa ruwan alwalarsa ba ya yankewa a bakin ƙofa, kuma an san mai kawowa. Daga ranar ɗaurin aure komai ya sauya, kamar yadda al'ada ta tanada. Mutumin da suke cin tuwo tare ya zama suruki. Ja'afaru bai ƙara cin ko goro a gabansa ba, bai ƙara kama sunansa ba, bai ƙara haɗa ido da shi ba. In zai gaishe shi sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Shi kuma Garba ya daina cewa ɗan malam, ya koma cewa Malam. Ja'afaru ya kama ɗaki a Doka, kusa da wurin aiki.

Wahalar ita ce a ofis akawu ne ke gaba da masinja. Sai suka samo wa kansu mafita ba tare da sun taɓa zama sun yi shawara ba. Idan Ja'afaru yana da fayil da za a kai wani ofis, sai ya ajiye shi a gefen teburinsa, ya dubi bango, ya ce, "Wannan dai na ofishin ma'aji ne." Can an jima sai Baba Garba ya gitta, ya ɗauka kamar wanda ya yi tsintuwa. Shekara bakwai suna haka, ba wanda ya aiki wani.

Tun 1951 aka ɗora wa Ja'afaru buga rahotannin asiri, wato bayanin da Turawa ke rubutawa a kan kowane ma'aikaci a ƙarshen shekara, wanda mai shi ba ya gani. A nan ya lura cewa Bature yana da kalmomi masu yawa na rage darajar mutum, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Sai ya sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango, ya shiga tara su, kowace da ma'anarta ta Hausa, yana jera su bisa ga ɓarnar da ya ga sun yi. A shafukan farko ya sa masu tsunguli, irin su "slow" da "careless", wato mai nawa da mai sakaci. Waɗannan sukan jinkirta wa mutum ƙarin girma shekara guda. A tsakiya ya sa masu cin mutunci, waɗanda ake faɗa da ɗaga murya: "lazy", malalaci, "insolent", mai tsaurin ido, "useless", marar amfani, "disgrace", abin kunya. A shafi na ƙarshe kuwa ya sa waɗanda ba su da zafi a kunne ko kaɗan: "final warning", gargaɗin ƙarshe, da "unsatisfactory", wanda bai gamsar ba. A ƙarƙashinsu ya rubuta da jar tawada: "Na tsakiya suna sa mutum ya kasa cin tuwo. Waɗannan suna raba shi da tuwon."

A farkon 1956 aka kawo sabon Bature ofishin. Waɗanda suka gabace shi duk suna jin Hausa, wasu har da karin magana, amma shi sabon zuwa ne, ko "sannu" bai iya ba. Ba ya rabuwa da duba agogon hannunsa, don haka masinjoji suka sa masa suna Mai Agogo. Ja'afaru shi kaɗai ne akawu ɗan Arewa a ofishin. Sauran mutanen Kudu ne, Hausarsu ta cefane ce. Saboda haka aikin tafinta ya hau kansa.

Baba Garba yana da wani hali da ya zo da shi daga soja, inda ya yi aikin kai saƙo. Ba ya ajiye takarda a tebur. Wanda aka ce ya kai wa, a hannunsa zai danƙa. In ya tarar ba ya nan, sai ya sami wuri a baranda ya zauna da fayil ɗin a ƙirjinsa, ko da za a kai azahar. Akawunan wasu ofisoshi sukan ce masa, "Baba, sa a tiren takardu ka tafi mana." Shi kuma ya ce, "Ba wurin tire aka aiko ni ba. Takarda amana ce, amana kuwa hannu ake ba, ba katako ba." Turawan da suka gabata sun san wannan hali, har sukan zaɓe shi in takarda mai muhimmanci ce. Mai Agogo kuwa abin da ya gani shi ne masinja ya fita ƙarfe tara bai dawo ba sai sha ɗaya.

Wata Litinin cikin Agusta, ana yayyafi, ya kira Ja'afaru ya ce a tara ma'aikata duka a baranda, zai yi wa tsohon masinjan nan magana a gaban kowa don saura su ɗauki darasi.

Ja'afaru ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan mahaifin matata ne."

Bature ya ce, "To, madalla. Ashe zai fi jin maganarka."

Aka taru, akawuna a gefe guda, masinjoji da leburori a ɗaya gefen. Baba Garba ya fito tsakiya cikin kakinsa, ya ƙame irin na soja, ya sara, ya kafa idonsa can bayan kafaɗar Bature. Ja'afaru ya tsaya tsakaninsu da takalmi a ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba a gaban surukinsa tun ranar aure. Ya ji takalmin nan kamar an zuba garwashi a ciki.

Mai Agogo ya fara. Kalmomin tsakiyar littafin nan ya bi ɗaya bayan ɗaya, kamar ya leƙa ya haddace: "lazy", "insolent", "useless", "disgrace". Ya ƙara da wata da ba a rubutawa a rahoto, "old fool", wato tsohon wawa. Ya tsaya, ya dubi tafinta.

Ja'afaru ya san Hausar kowace. Shi ya rubuta su da hannunsa. Amma ɗan da aka haifa a gidan mutunci bai san ta inda ake buɗe baki a ce wa suruki malalaci ba, ko da aron baki aka yi. Ya dubi siminti, ya ce, "Baba, Bature ya ce aiki ya yi yawa kwanakin nan."

Baba Garba ya ce, "Haka ne."

Bature ya sauke murya, ya koma magana a hankali, irin ta shafin ƙarshe. Ya ce daga yau a sa takarda a tire a dawo. Ya ce wannan shi ne gargaɗin ƙarshe. Ya ce duk ranar da masinjan ya ƙara wuce minti goma sha biyar a waje, ya ajiye kakin gwamnati ya tafi gida.

Ja'afaru ya riga ya ɓoye zagin. In yanzu ya ambaci kora, Baba zai tambayi laifin da ya kai ga kora, kuma sai an koma baya an kwaso duk abin da aka binne, a gaban leburori. Ya ce, "Ya ce don Allah a riƙa ɗan hanzartawa."

Mai Agogo ya ɗaga gira. "Duk abin da na faɗa ke nan?"

"Hausa ba ta da tsawo, ranka ya daɗe."

Baba Garba ya sake sarawa. "Malam, ka ce masa na ji, na kuma gode."

Da aka tashi aiki Ja'afaru ya koma gida, ya zauna a gaban kwano bai buɗe ba. Saratu tana tankaɗen gari a tsakar gida, ta dube shi ta ce, "Malam, tuwon ne ya yi laifi ko mai tuƙa shi?"

Ya gaya mata maganar gargaɗin. Zagin bai gaya mata ba.

Ta ajiye rariya. "To, ka faɗa masa mana."

"Da wane bakin? Ke dai ki je."

"Ni? Ni da bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni? In na shiga zaure ta nan, ta can yake fita. Ka manta 'yar fari ka aura?"

Duk da haka washegari ta je Unguwar Shanu ta sami mahaifiyarta, Inna Ramatu. Tsohuwar ta saurara, ta ce shekara talatin ke nan ba a taɓa kawo maganar aikin maza cikin gidan nan ba, amma za ta gwada. Abin da ta iya faɗa wa mijinta shi ne yaran nan sun ce a riƙa lallaɓa sabon Bature.

Sai Ja'afaru ya tafi wurin Malam Sani, mai makarantar allo a unguwar, aminin Baba Garba tun suna samari. Ya durƙusa ya yi bayani filla-filla, har da minti goma sha biyar, har da tire.

Malam Sani ya shafa gemu. "Kai kuma da ka yi karatun boko har ka ƙoshi, ka kasa faɗar magana ɗaya?"

"Allah ya gafarta Malam, suruki ne."

"Na sani. Da ka faɗa ma da na ce ba ka da tarbiyya. Bar mini, na san ta inda zan ɓullo masa."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Sani ya ja amininsa gindin wata bishiya. Ya kawo falalar gaggawa cikin aikin alheri, ya kawo falalar haƙuri da shugaba ko da baƙo ne. Da ya zo kan kalmar kora sai ya ga ba a yi wa amini mugun baki ranar Juma'a, ya kewaye ta. Tire kuwa ya manta da shi, domin bai taɓa ganin irinsa a ofis ba, bai kuma fahimci abin da ya haɗa tiren shayi da takarda ba. Maganar ta ratsa hannu uku, kowane hannu ya rage mata kaifi don ƙauna, har ta isa ba ta iya yanka komai.

Baba Garba ya ɗauki nasihar da gaske. Ya kai kekensa aka sa masa mai, aka ɗaure sarƙa. Mutumin da ya ba hamsin baya ya riƙa tuƙa keke kamar ana bin sa, yana isa ofisoshi yana haki. Sannan ya zauna a baranda ya jira mai takarda, kamar kullum.

Sati biyu Ja'afaru yana kallon agogon bango duk lokacin da surukinsa ya fita. Ya riƙa ɓoye fayilolin da ya san masu su ba sa zama, yana kai su da kansa bayan an tashi. Amma ba duk takarda ce ke bi ta teburinsa ba. Wata ranar Laraba ya yi niyya tun daga gida cewa yau zai faɗa, kome za ta zama. Ya sami Baba a rumfar kekuna shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, suka gaisa.

Baba ya ce, "Yaya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Da magana ne, Malam?"

Ja'afaru ya dubi ƙafafun tsohon, da tsohon tabon da ya samo a daji a ƙaurinsa. Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Baba, tayar baya kamar ba iska."

Baba Garba ya matsa tayar da yatsa, ya ce, "Da sauranta. Allah ya yi albarka."

A ranar ce Mai Agogo ya aiki Baba da wata takarda wurin wani babban jami'i. Aka tarar jami'in yana taro. Baba Garba ya jira awa ɗaya da minti hamsin, ya danƙa masa a hannu, ya dawo da saurinsa, yana jin ya sauke amana.

Washegari Bature ya miƙo wa Ja'afaru rubutun hannu ya ce a buga. Takardar sallama ce. Ja'afaru ya karanta, ya tsaya a gaban tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ban faɗa masa gargaɗin ba. Bai san da maganar minti goma sha biyar ba."

Mai Agogo ya dube shi. Ba mugun mutum ba ne ta kowace fuska. Wanda bai san ƙasa ba ne, kuma bai ga dalilin tambaya ba. Ya ce, "Na yi gargaɗi a gaban shaidu ashirin, na kuma riga na sanar da na sama da ni. In na janye, gobe ba wanda zai ji maganata. Buga."

Ya buga. Layi shida ne, kuma a layi na huɗu ga kalmar nan ta shafin ƙarshe, "unsatisfactory", a kan mutumin da bai taɓa ɓatar da takarda ɗaya ba cikin shekara goma. Bai yi kuskuren harafi ko ɗaya ba, domin hannunsa bai iya kuskure ba.

Da la'asar Baba Garba ya aika a kira shi. Ya tarar da zaure cike, ga Malam Sani, ga maƙwabta. Tsohon ya tura takardar gabansa a kan tabarma, ya ce, "Malam, karanta mana abin da gwamnati ta ce."

Ja'afaru ya riƙe takardar da hannu biyu. Ya karanta cewa gwamnati ta gode wa Kofur Garba bisa aikin shekara goma cikin amana, ta ga shekaru sun ja, ta sallame shi ya je ya huta. Aka yi ta cewa madalla. Malam Sani kaɗai ne ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba Garba ya ninke takardar, ya sa ta cikin gwangwanin da yake ajiye lambobin yaƙinsa.

A Disambar shekarar, cikin tarin rahotannin asiri da aka ba Ja'afaru ya buga, ya tarar da nasa. An rubuta cewa hannunsa yana da kyau, amma a tafinta shi "unreliable" ne, wato ba abin dogaro ba. Ya buga, ya sa a fayil, ya koma gida ya ƙara kalmar a shafin ƙarshe na littafinsa. Shekarun da suka biyo baya su ne shekarun da ake neman 'yan Arewa masu ilimi ido rufe don a ba su manyan kujeru. Waɗanda ya koya wa riƙe fayil suka zama jami'ai, suka tare a gidajen gwamnati. Shi duk lokacin da aka buɗe fayil ɗinsa sai a ci karo da kalmar nan, a rufe. Ya yi ritaya a 1979 yana babban mai buga tafireta. Ya haifi 'ya'ya bakwai, ya yi limancin masallacin layinsu shekara tara, ya rasu a 1991. Mutane sun san shi da ƙin yi wa kowa tafinta, ko a asibiti. In an roƙe shi sai ya ce kunnensa ya yi nauyi.

Baba Garba kuwa ya sayar da gidan Unguwar Shanu, ya koma Malali, wadda a lokacin ƙauye ce, ya kama noma da kiwo. Bai ƙara sa ƙafa a ofis ba. Barkwancinsa ya ragu, amma duk baƙon da ya zo sai ya buɗe gwangwani ya nuna masa takardar godiyar gwamnati, daga nesa, ba ya bari a karɓa. Ya rasu a 1961.

Ana saura kwana huɗu babbar Sallah ta 1958, Ja'afaru ya hau keke ya tafi Malali kai wa surukansa kayan miya. Ya bi ta bayan gida saboda hanyar gaba ta yi taɓo. Yana tura keke a gefen danga sai ya ji murya daga ciki. Baba Garba ne shi kaɗai, yana ba ragonsa dusa, yana yi masa magana a hankali da Turanci. Kalmomi biyar ne, a jere yadda Mai Agogo ya jero su a baranda, ba wadda ta sauya wuri, har da yadda muryar Baturen ta hau a kan ta ƙarshe. Sannan ya shafa wuyan ragon, ya ce da Hausa, "Ci abinka. Mu an ce mu ɗan hanzarta ne."

A nan Ja'afaru ya gane Turancin da ba a faɗa a gaban mai alwala. Shekara shida a ƙarƙashin sajan-sajan na Turawa sun koya wa tsohon kowace kalma ta tsakiyar littafi. Zagin nan duka ya ji shi tun a baranda, ya ƙame ya shanye, ya bar surukinsa ya rufa masa asiri. Abin da bai ji ba shi ne maganar da aka yi a hankali, ta tire da minti goma sha biyar, domin wannan Turancin ofis ne, ba a koyar da shi a fareti. Ita kaɗai ce yake bukatar tafinta a kanta.

Ja'afaru ya ja kekensa da baya har bakin hanya, ya kewayo ta cikin taɓo, ya kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Shekara talatin da uku ya rayu bayan wannan rana, Saratu tana gefensa, kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa ya tsaya a bayan dangar nan ba.